Gwangwani a Cikin Alkuki

Ƙanina Tanko bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba. Shekarunta goma sha ɗaya, sunanta Bahijja, suna mai daɗi a baki, amma a wurin ubanta ita ce "yarinyar nan", in kuwa dole ta sa ya yi mata magana sai ta koma "ke". Ba ƙiyayya ba ce, ni shaida ce. Kunyar 'yar fari ce irin ta mutanen da, wadda sa'anninsa suka yar tun tuni, shi kuwa ya tsince ta ya riƙe gam. Mu mata huɗu muka riga shi zuwa duniya, muka goya shi, muka lalata shi da gata, amma babu wadda ya gado a baki. Ni Hassana, yayarsa, in magana ta zo mini wuya sai ta fita ko a gaban waye. Shi kuwa sai ya shekara yana taunar kalma ɗaya.

Tun da aka yaye Bahijja aka kawo ta gidanmu na Soron Ɗinki, hannun Innarmu Nana Hauwa, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari. Iyayenta suna can Zaitawa da ƙannenta. Ni kuma tun rasuwar maigidana na dawo gida ina ɗinkin hula, don haka rabin riƙon yarinyar a hannuna yake. Inna ce mai shagwaɓawa, ni ce mai tsawa.

Kullum da safe Tanko yakan biyo ya gaida Inna kafin ya wuce rumfarsa ta dukanci a Kasuwar Kurmi, inda yake ɗinkin kayan fata. Kuma kullum a daidai wannan lokacin ne fensirin Bahijja yake ɓata. Ta gama shirin makaranta tsaf, hijabi a goge, jaka a kafaɗa, amma sai ta yi ta dube-dube a ƙarƙashin tabarma har sai an ji sallamarsa a soro. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana." Shi kuma ya kalli bango ya ce, "Lafiya." Shi ke nan rabonta na ranar. Ta ɗauki wannan "lafiya" ta tafi makaranta da ita, fensirin kuwa yana cikin jaka tun jiya.

Abin yana ƙona mini rai. Da idona na ga ƙannenta suna hawa wuyansa ranar Sallah, suna cire masa hula, yana ta ƙyaƙyata dariya, ita kuwa tana gefe tana jera musu takalma. Na taɓa ce masa, "Tanko, yarinyar nan fa ba aronta aka ba ka ba." Inna ta ce in ƙyale shi, haka mahaifinmu ya yi wa babbar yayarmu har ya koma ga Allah, kuma ba ta mutu ba. Na ce ba ta mutu ba, amma a je a tambaye ta. Inna ta ce wannan bakin nawa ko a lahira sai an yi fama da shi.

Bahijja tana da gudu. In ka aike ta sayen magi, kafin ka rufe tukunya ta dawo. Da bazara ta kama, makarantarsu ta fara shirin wasannin shekara, malamar wasanni ta zaɓe ta ta yi wa ajinsu gudu. Ranar da ta zo da labarin na adana shi har safiya, na jira Tanko ya zauna, sannan na faɗe shi da ƙarfi kamar mai shela.

"Inna, kin ji an zaɓi Bahijja gasar gudu? Duk 'yan aji biyar babu mai kamo ta."

Inna ta san da wa nake. Tanko ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To. Allah ya taimaka." Ya tashi ya fita. Na dubi Bahijja, na ga ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Na ji kamar in bi shi soro in ja kunnensa yadda nake yi yana yaro.

Ashe maganar ta shige shi. Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya, shi ne tun washegari ya tsiro da wata dabara. In ya gaida Inna zai fita, sai ya tsaya a soro, inda babu kowa, ya ajiye baƙar leda a cikin alkuki, ɗan ramin bangon nan da a da ake ajiye fitila. A cikin ledar akwai gwangwani mai sanyi na lemon nan da samari ke sha, wanda ake cewa yana ƙara kuzari. Bahijja ce ke fita bayansa, ita ce kuma ta gani. Ba a rubuta suna ba, ba a ce komai ba, amma ledar tana warin fata, kuma a duk gidanmu mutum ɗaya ne ke shigowa da wannan warin. Sai ta shanye a hanyar makaranta, yawanci cikinta babu komai, don ɗoki ba ya barinta ta tsaya shan koko.

Ni dai abin da na gani shi ne yarinya ta canza. Da farko na ɗauka alheri ne, don fuskarta ta washe, tana 'yar waƙa in tana shara. Bayan kwana huɗu ko biyar sai abu ya juya. Ta daina cin abincin kirki. Da safe idonta ja wur, ta ce barci bai zo ba. In na ba ta allura ta zura mini zare sai hannunta ya yi ta rawa, ita da a da take zura shi a tashi ɗaya. Ga saurin fushi. Rannan har ta yi wa Inna tsaki, sannan ta fashe da kuka don ta yi. Ga zafin bazarar Kano, wanda ko ƙadangare neman inuwa yake, amma in na ce ta sha ruwa sai ta ce ba ta jin ƙishi.

"Gwaggo," ta ce mini wata rana da yamma, hannunta a ƙirji, "gabana faɗuwa yake yi."

To, nan muka yi kuskuren da duk Bahaushe zai yi. In mutum ya ce gabansa na faɗuwa, tsoro muke ji ya ce, ko zullumi, ko wani mugun labari da ke tafe. Ni na ce fargabar gasa ce, na ce mata ta daina shirme, gudu ne ba yaƙi ba. Inna ta ce baki ne. Yarinya ta yi suna a unguwa, mutane kuwa ba sa ganin abu su ce tubarkalla. Babu wadda ta kawo a ranta cewa yarinyar zahirin abin take faɗa, zuciyarta ce take bugawa fat-fat kamar za ta fito.

Inna ta aika wa maƙwabcinmu Malam Bukar, dattijon Barno mai kyan hannu, ya yi mata rubutu. Aka wanko allo a babban kwanon sha, Inna ta tsare ta sai da ta shanye tas. Ranar kuwa ta yi barcin rana mai nauyi, ta tashi ta ci tuwo. Inna ta yi ta kallona ta gefen ido, wai ko na ga ikon Allah. Ni ban taɓa musun albarkar ayar Allah ba. Amma yanzu in na tuna, nakan ce kwanon nan shi ne ruwan kirki na farko da ya shiga cikin yarinyar a mako guda.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ranar Asabar ina neman hijabinta in haɗa da wanki, na buɗe akwatinta, can ƙasa na ji wani abu yana ƙara a cikin tsohon zanen Inna. Na warware. Gwangwanaye tara, baƙaƙe masu zanen walƙiya, an wanke kowanne an busar, an jera su kamar kwanukan ɗakin amarya. Ledojin ma an ninke su an ajiye a gefe. Tun ban kai su hanci ba na san daga inda suka fito.

Ta shigo ta same ni a durƙushe a kansu, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Mene ne wannan?" na ce.

Ta ƙura wa gwangwanayen ido.

"Bahijja, da ke nake."

"Gwaggo, don Allah." Ta durƙusa ta riƙe mini hannu. Tafinta sanyi ƙalau, ga gumi. "Don Allah kar ki faɗa."

Ni ba likita ba ce, amma na sha ganin masu adaidaita sahu suna ɗaga irin gwangwanin nan don kada barci ya ɗauke su a kan hanya. Nan take jan idon da rawar hannun suka haɗu mini wuri ɗaya.

"Kin san shi ne yake hana ki barci?"

"Na sani."

"Kin sani! Kin sani kuma kike ɗura wa cikinki?"

"In kin faɗa zai daina," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Gwaggo, bai taɓa ba ni komai ba ni kaɗai. Kayan Sallah ma ta hannun Inna yake bayarwa. Wannan kuwa ni yake ajiye wa. Yana tunawa da ni tun kafin ya ƙaraso gidan nan."

Masifar da na ɗebo ta lafa. Tausayi ya kama ni, irin wanda yake sa babba ya yi wauta. Na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba, bisa sharaɗin ta riƙa ɗauka tana kawo mini in zubar, ita kuma ta ajiye gwangwaninta. Ta ce to. Na yarda da wannan "to" ɗin don ina so in yarda.

Kwana biyu tana kawo mini. Na ɗanɗana ɗaya kafin in tuttular a magudana, na ji kamar an narka alewa a cikin maganin tari, na yi mamakin abin da samarin zamani suke gani a ciki. Tana tsaye a kaina ina zubarwa, fuskarta kamar ana yanka mata kaza. A rana ta uku ta ce yau bai ajiye ba, a ta huɗu ma haka, ni kuma ban bincika ba. Ashe da gasa ta matso Tanko ninkawa ya yi, biyu-biyu yake ajiyewa.

Ranar Alhamis da rana tsaka ina cikin ɗinki malamar wasanni ta kira wayata. Bahijja ta yanke jiki ta faɗi a filin atisaye. Ban san yadda na yafa mayafi ba, takalmi ma wari da wari na zura. Na same su a ƙaramin asibitin unguwa, an kwantar da ita a gado, an ɗaga mata ƙafafu da matashi, leɓenta ya bushe ya yi fari. Ta farfaɗo, amma da ta gan ni sai ta kawar da kai.

Ma'aikaciyar jinyar da ke kanta Shamsiyya ce, 'yar unguwarmu da na sani tun tana rarrafe. Tana ba ta ruwa kurɓi-kurɓi, tana riƙe da wuyan hannunta tana kallon agogo.

"Gwaggo Hassana, me yarinyar nan ta ci yau?"

"Koko na dama mata."

"Ba ta sha ba. Ta ce mini enaji ta sha, lemon ƙarin kuzarin nan, gwangwani biyu, sannan ta shiga rana ta yi gudu." Ta saki hannun, ta juyo ta fuskance ni. "Gwaggo, abin nan ba na yara ba ne. Kin san abin da ke cikin goro, da yake hana tsoho barci in ya ci da yamma? Irinsa ne a ciki, ga uban sukari. Babba ma in ya yawaita sai ya ji a ƙirjinsa, balle 'yar wannan. Kuma ta ga ta sha wani abu, sai ta ƙi neman ruwa, ga zafi, ga gumi."

"To lemukan nan masu launi na cikin roba fa, da ake cewa na 'yan wasa ne?" in ji malamar wasanni, ita ma duk jikinta ya yi sanyi.

"Su ma ba ta buƙata, Malama. Wanda ya kwashe awanni yana zufa aka yi wa su. Yarinya mai zagaye fili sau biyu, ruwa ya ishe ta. Ruwa, da abinci kafin ta fita." Ta juya ga Bahijja. "Ke, wa yake saya miki?"

"Ni nake saya," in ji Bahijja, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Shamsiyya ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Kunya ta rufe ni, don na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo: na sani, na yi shiru. Shamsiyya ta ce a kai ta gida ta huta, ta sha ruwa da yawa, batun gasa kuwa bana a haƙura. Gasar ba da ita aka yi ba, in faɗa tun yanzu, kuma ba ita ce ta dami kowa ba.

A cikin adaidaita sahu muna komawa na ce mata, "Ba mu yi da ke za ki riƙa kawo mini ba?"

Ta jingina kanta a kafaɗata. "Gwaggo, ai don in sha ya saya."

Na kai ta gida na damƙa wa Inna, na kwashi gwangwanayen nan a zanen da suke, na nufi Kurmi. Na yi alkawari, na sani, amma alkawarin da ya kwantar da yaro a asibiti ya warware kansa. Na ratsa ta wajen masu kayan yaji, na bi lungun nan da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace, masu turare suna ta "Hajiya, leƙo mana", ban ko kalle su ba. Tun daga gida nake tsara zagin da zan yi masa, baiti-baiti.

Na same shi a rumfarsa ya tanƙwashe ƙafa, yana ɗinka alabe, 'yar jakar kuɗi ta fata, da basilla, ga takalma an rataye a bayansa. Ban yi sallama ba, Allah ya yafe mini. Na zazzage zanen a kan tabarmarsa. Gwangwanaye suka watse, ɗaya ya gangara har rumfar maƙwabci.

"Yaya, lafiya?"

"Ina fa lafiya! 'Yarka ta faɗi a fili. Daga asibiti nake."

Basillar ta suɓuce daga hannunsa. Ya miƙe, ya rasa inda zai nufa, ya koma ya zauna.

"Tana... yarinyar, ta tashi?"

"Bahijja sunanta. Ta tashi, tana gida. Ba don halinka ba."

Na zayyane masa duk abin da Shamsiyya ta ce, na ƙara da nawa. Fuskarsa ta koma yadda ban taɓa ganinta ba tun ranar da mahaifinmu ya rasu. Da na tsaya shan numfashi, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji.

"Wallahi Yaya, samarin majalisa ne suke cewa shi 'yan ƙwallo ke sha. Na je na ce wa mai shago ya ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi. Na ga tunda gudu za ta yi..."

"Ruwa aka ce. Ruwan randa. Shi jikinta yake so."

"Ruwa?" Sai yanzu ya ɗago ya dube ni. "Yaya, ruwa ai na kowa ne. Ko baƙon da ban san daga ina ya fito ba ya tsaya a rumfar nan, ruwa zan ba shi. Ni na so in ba ta abin da yake nata ne."

Sauran zagin da na tsaro ya bi iska. Na jawo 'yar kujera na zauna. Ina kallon ƙanina, mutum mai shekara arba'in da furfura a gemu, ya rasa yadda zai ce yana son 'yarsa sai da gwangwani. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

"Tanko," na ce, "shi baƙon nan, a alkuki kake ajiye masa ruwan?"

Ya dubi gwangwanayen da ke kan tabarma.

"Da hannunka kake miƙa masa. Ka dubi fuskarsa, ka ce sannu da hanya, ka jira ya sha ka karɓi kofinka. Baƙo ke nan da ba ka sani ba. Ita fa?"

Ya ɗauki gwangwani ɗaya yana juyawa, ya leƙa cikinsa.

"Wa ya wanke su?"

"Wa kake tsammani? Ta daɗe da sanin yana cutar da ita, ta ci gaba da sha don kada ka daina. Yau a asibiti aka tambaye ta wa yake ba ta, ta ce ita take saya."

Ya kifa kansa a gwiwa. Na bar shi a haka, ko zanen Inna ban ɗauka ba.

Da na koma, Bahijja tana kwance a ɗakin Inna. Ta dubi akwatinta a buɗe, ta dubi hannuna.

"Kin faɗa masa."

"Na faɗa."

Ba ta yi mini rashin kunya ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta juya mini baya ta ce, "Shi ke nan," kafaɗunta suka fara rawa. Na miƙa hannu zan taɓa ta, ta matsa.

Washegari Juma'a, Tanko bai zo gaisuwa ba. Shekara da shekaru ban taɓa ganin haka ba, ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓo. Bahijja ba za ta makaranta ba, amma ta yi wanka ta sa hijabi ta zauna a bakin ƙofa. Da hantsi ya yi ta tashi wai za ta zubar da shara, na ji takunta ya tsaya a soro. Ta dawo hannu rabbana, ta koma ta kwanta. Na tsorata ƙwarai. Na ce a raina, Hassana, garin neman gira kin rasa ido. A da tana samun gaisuwa da gwangwani, yanzu bakinki ya raba ta da duka biyun.

Na faɗa wa Inna komai, ina jiran faɗa. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Ni ma ban taɓa kiran sunan yayarku ba. Amma ni ina da nono, ina da goyo, ko ban yi magana ba ta sani. Shi namiji me yake da shi?"

Sai bayan la'asar muka ji sallamarsa. Muna tsakar gida a inuwar rumfa, Inna a kan tabarma, Bahijja ta ɗora kai a cinyarta, ni ina fama da hula. Ya shigo da babbar rigarsa ta Juma'a, hannunsa babu leda. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambayi mai jiki ba tare da ya dubi mai jikin ba. Bahijja ta yunƙura za ta durƙusa.

"Zauna," ya ce.

Ta zauna. Ya ci gaba da durƙuso, gumi yana bin gefen hularsa. Har na buɗe baki zan taimaka masa, Inna ta mintsine ni.

"Inna," ya ce da ƙyar, "ina moɗa?"

A gidan nan aka haife shi. Moɗa tana kan murfin randa tun kafin ya iya tafiya, ga ta can ma yana ganinta. Inna ta gane. Uba ya ɗebo wa 'yar fari ruwa a gaban mahaifiyarsa, wannan ba abu ba ne da zai iya ana kallo. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce bari ta duba tukunyarta kar ta kama, alhali ko wuta ba mu hura ba. Ta finciki bakin zanena ta ja ni madafa. Na bi ta, amma ni ba Inna ba ce. Na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe.

Ya je wajen randa, ya ɗauraye moɗar, ya zubar, ya sake ɗaurayewa, sannan ya ɗebo. Ya taho da ita da hannu biyu, ruwan yana tangaɗi yana zuba masa a gaban riga. Ya tsuguna a gabanta har kansa ya zo daidai da nata. Bahijja ta ƙura wa moɗar ido, ba ta miƙa hannu ba. A iya saninta 'ya ce ke kai wa uba ruwa.

"Karɓi," ya ce. "Sannu."

Ta karɓa, ta kafa kai. Shi kuma yana kallonta, yana kallon yadda maƙogwaronta ke motsi, har ta shanye.

"Wancan abin," ya ce, "ban sani ba."

"Ba komai, Baba."

"Akwai komai." Ya karɓi moɗar. "An ce ki sha da yawa. A ƙara?"

Ta gyaɗa kai. Ya koma randa, ya dawo, ya sake tsugunawa. Ta sha ta biyu a hankali, tana tsayawa tana numfashi. Moɗar gidanmu ba ƙarama ba ce, ni kaina ɗaya take isata. A bayana na ji Inna tana jan hanci, tana ƙwanƙwasa murfin tukunyar da babu komai a ciki. Ni ma idona ya cika, amma ban goge ba don kada wani abu ya wuce ni.

Ta gama, ta sauke moɗar, ta goge baki da bayan hannu. Na san yarinyar nan, ni na rene ta. Cikinta ya cika dam, ko ɗigo ba shi da wurin zama. Tanko ya tattare rigarsa, ya dafa gwiwa, alamar zai tashi ya tafi.

Ta miƙa masa moɗar da hannu biyu.

"Baba," ta ce, "a ƙara."